Masu Bugun Ƙasar Bizar F3, Ku Daina Sa Wa Mutane Rana



Rubutun wannan makon na san ba zai yi wa wasu daɗi ba, musamman waɗanda suka mayar da tsakiyar kowane wata ranar kasuwarsu. Da zarar Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ta saki sanarwar nan ta wata-wata da ake kira Visa Bulletin, sai ka ga sun fito. Wannan ya ɗora bidiyo a YouTube, wancan a TikTok, wani ya zana jadawali mai launi-launi ya watsa a WhatsApp: wanda aka shigar wa takarda a 2014 zai tafi wata kaza, na 2017 ya fara haɗa kaya shekara kaza. Har da masu cewa ka same su a keɓe ka ba su ranarka su lissafa maka, ka ɗan sa musu na data. Da can in mutum yana son jin ranar da zai yi arziki, wurin mai bugun ƙasa yake zuwa ya zauna a bakin buzu. Yanzu yashin ya koma cikin waya, amma sana'ar ita ce dai.

Ga waɗanda ba su san zancen ba, F3 shi ne rukunin 'ya'yan ɗan ƙasar Amurka waɗanda suka yi aure. Uwa ko uba da ya zama ɗan ƙasa shi ne zai cike fom I-130 ya miƙa wa hukumar shige da fice ta USCIS. Ranar da hukumar ta karɓi takardar ita ce ranar shigarka layi, kuma ita ce dukiyarka a wannan harka. Kowane wata sanarwar tana fitar da wata rana, wanda ranarsa ta gabaci wannan rana shi layi ya iso kansa. 'Yan Najeriya, Nijar, Ghana, Kamaru, Chadi da Sudan duk a shafi guda muke da sauran duniya. Ƙasashe huɗu ne kawai aka ware wa nasu shafin saboda yawan masu nema: China, Indiya, Meziko da Filifin.

Doka ta ware wa F3 biza 23,400 a shekara, ga duniya baki ɗaya, sai ɗan abin da rukunan da ke sama da shi suka rage in sun rage. Wannan adadi tun dokar 1990 yake, lokacin da mutanen Amurka ba su cika miliyan 250 ba. Yau sun haura miliyan 330, adadin bai ƙaru da ko ɗaya ba. Kuma kai ake ƙirgawa, mutum-mutum. In an shigar wa magidanci takarda, shi da matarsa da 'ya'yansa huɗu sun cinye biza shida. Da a ce kowane iyali haka yake, gida 3,900 ne kacal za su shiga a shekara daga duk faɗin duniya. Ma'aikatar kan fitar da rahoton yawan masu jira sau ɗaya a shekara, kuma a rahotannin shekarun baya-bayan nan mutanen da ke layin F3 sun haura rabin miliyan. Wannan ƙirgen ma na waɗanda aka riga aka amince da takardunsu ne aka tura cibiyar biza ta NVC. Waɗanda takardunsu ke kwance a USCIS ba sa ciki.

To yaya masu hasashe suke lissafinsu? Hanya biyu suke bi, kuma duk biyun lissafin dokin Rano ne.

Ta farko ita ce wadda ta fi yawa, ta kuma fi yaudara saboda tana kama da gaskiya. Mutum ya duba sanarwar Oktoba 2025 ya ga layi yana kan 2011, ya ɗebe 2011 daga 2025 ya samu 14, sai ya juyo ya ce wa wanda aka shigar wa takarda jiya: shekara 14 za ka yi. Ai wannan 14 ɗin labarin mutumin 2011 ne. Shi ya jira shekara 14, an gama nasa. Kai da ka zo yau ba ta faɗa maka komai a kan naka. Duk wanda ya taɓa kwana a layin mai lokacin wahalar fetur ya san wannan. In ka je bakin famfo ka tambayi direban da ake zuba wa, ya ce maka tun asuba ya zo, ga shi azahar ta yi, wannan bai nuna cewa kai da ka shigo yanzu za ka sha da isha ba. Abin da zai yanke maka hukunci shi ne motoci nawa suka shiga tsakaninka da shi, jarka nawa kowa ya ɓoye a but, da kuma ko manaja zai rufe famfo ya ce mai ya ƙare. Ba ɗaya daga cikin ukun da direban nan ya sani.

Ba sai mun yi musu ba, sanarwar da kanta ta ƙaryata wannan lissafi. A Oktoba 2015 layin F3 na shafinmu yana kan 2004, tazarar shekara 11. Wanda aka shigar wa takarda a wannan watan, in ya bi masu ɗebe wannan daga wancan, 2026 ya sa a ransa. Aka kwashe shekara goma cur, Oktoba 2025 ta zo, layi yana kan 2011. Wato a shekara goma ta kalanda layin ya matsa kusan shekara bakwai ne kawai. Bawan Allahn nan na 2015 ya jira shekara goma, saura shekara ɗaya a lissafin da aka yi masa, alhali takardun shekara huɗu cif suna gabansa ba a taɓa su ba. Wa zai biya shi? Mai jadawalin da ya yi masa lissafi tuni ya goge wancan ya zana sabo, yana ta karɓar godiya da addu'a a wurin sababbin shiga.

Hanya ta biyu ita ce ta masu ganin kansu sun fi wayo. Su sukan ce ba tazara za a duba ba, gudun layi za a duba. Sai su ɗauki watanni shida na baya, su ga layi ya matsa wata kaza, su ɗora abin awo su ja zare ya miƙe har ranarka. Da layin nan mota ce a kan titin Kaduna zuwa Zariya da sai mu ce to. Amma tafiyarsa tafiyar jaki ce mai taurin kai: ya yi sauri, ya toge, wani lokacin ya ja da baya. Daga ƙarshen 2021 har farkon 2023 ranar F3 ta tsaya cak a kan 22 ga Nuwamba 2008, wata bayan wata ba ta motsa ko kwana ɗaya ba. Wanda ya ja zarensa a lokacin, lissafinsa zai ba shi har abada. Daga baya ta zabura, tsakanin farkon 2024 da tsakiyar 2025 ta ci fiye da shekara biyu. Wanda ya ja zare a nan kuma sai ya ga kamar gobe zai hau jirgi. Duka biyun layi guda suke kallo.

Maganar ja da baya kuwa, tsofaffin masu jira ba su manta Janairu 2011 ba. A 2010 ranakun rukunan iyali sun yi ta gudu, mutane suka yi ta murna. A Disamba F3 tana tsakiyar 2002. Sanarwar Janairu na fitowa sai ga ta ta koma farkon 2001, kusan shekara ɗaya da rabi a baya. Dalilin ba wani sirri ba ne. Ma'aikatar takan tura rana gaba idan ta ga mutane ba sa fitowa da takardunsu, don kada bizar shekara ta lalace. In suka fito da yawa fiye da zato, dole ta ja birki ko ta koma baya, domin 23,400 ba ta miƙewa kamar roba. Saboda haka gudun da kuke gani kuna tafi, sau da yawa kiran mutane ake yi, kuma shi kansa gudun shi ke haifar da tsayuwar da za ta biyo baya. Hausawa suna cewa rana ba ta ƙarya sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Wannan ranar dai tana yi, kuma doka ta ba ta izini.

Wani abin da ke ba ni haushi shi ne yadda suke cakuɗa jadawali biyu. Tun Oktoba 2015 sanarwar take fitowa da jadawali biyu: na yanke hukunci, wanda shi ne ke nuna an iya ba ka biza, da na fara miƙa takardu, wanda yakan yi gaba da na farko da watanni, wani lokacin fiye da shekara. Mai neman masu kallo sai ya ɗauko na biyun saboda ya fi daɗin gani, ya zagaye shi da jan layi, ya rubuta albishir. Kai da kake Kano ko Damagaram ko Kumasi, na biyun cewa yake ka fara tattara takardu ka tura NVC. Ba a kiranka intabiyu sai na farkon ya iso kanka, kuma ko ya iso, akwai wani layin a ofishin jakadanci. A Najeriya ƙaramin ofishin jakadancin da ke Legas ne yake ganawa da masu bizar zama, kuma shi ma da nasa cunkoson.

Za su ce min, malam ai hasashe ne, ba mu ce wahayi aka yi mana ba. To bari in tambaye ku. Mutumin da ya shafe shekaru masu yawa yana riƙe da ofishin da ke tsara waɗannan ranaku a Ma'aikatar, Charles Oppenheim, wanda ya yi ritaya a ƙarshen 2021, alƙaluman duk ofisoshin jakadanci a teburinsa suke sauka. Duk da haka in zai yi hasashe na 'yan watanni yake yi, kuma ya kewaye shi da sharuɗɗa. Wanda ke riƙe da littafin bai yarda ya hango shekara goma ba, sai kai da ba ka ga ko bangon littafin ba? Ba ka san takarda nawa aka shigar a 2013 ko 2016 wata-wata ba. Ba ka san nawa ne iyayensu suka rasu ba, nawa aurensu ya mutu suka koma wani rukuni, nawa suka haƙura, nawa suka ƙara haihuwar uku a cikin jira. Kowane jariri da aka haifa wa wanda ke gabanka biza guda ce da ta ƙaru a gabanka, ba tare da an shigar da sabuwar takarda ba.

Wannan ma in an bar layin ya yi tafiyarsa ke nan. Wane jadawali ne ya hango 2020? A ƙarshen Janairun shekarar Shugaba Trump ya sa hannu a dokar da ta dakatar da bizar zama ga 'yan Najeriya. A Maris korona ta rufe ofisoshin jakadanci. A Afrilu wata dokar ta dakatar da yawancin rukunan iyali, har da F3, ga duniya duka. Biden ya soke ta farkon a Janairu 2021, ta biyun a Fabrairu. Kuma kada ku ɗauka bizar da ba a bayar ba a wannan shekarar an ajiye mana ita a asusu. Tsarin dokar ya ce bizar iyali da ta rage a shekara tana komawa rukunin ma'aikata a shekara mai zuwa. Shi ya sa kason ma'aikata da aka saba gani 140,000 ya tashi zuwa kusan 262,000 a 2021. Biza fiye da 120,000 ta bar layin iyali ba ta dawo ba. Sannan a Yuni 2025 sabuwar dokar hana shiga ta haɗa da Chadi da Sudan, a Disamba aka faɗaɗa ta, Nijar ta shiga jerin hani na gaba ɗaya, Najeriya ta shiga jerin da ya haɗa da bizar zama, daga 1 ga Janairu 2026. Ka ga ke nan rana tana iya isowa kanka ta tarar da ƙofa a kulle. Ko rukunin kansa ba shi da tabbas. A 2013 Majalisar Dattawa ta amince da ƙudurin da zai taƙaita F3 ga 'yan ƙasa da shekara 31, Majalisar Wakilai ce ba ta ɗauke shi ba. A 2017 Sanata Tom Cotton da Sanata David Perdue sun kawo wanda zai share rukunin manyan 'ya'ya gaba ɗaya, bai wuce ba. Mai zaren awo ba shi da gurbin da zai sa ko ɗaya daga cikin waɗannan a lissafinsa.

Da a ce abin ya tsaya a hira ne da ban ɓata lokacinku ba. Kowa yana hasashen ƙwallo, ba wanda ya mutu. Amma wannan hasashen a kansa mutane suke gina rayuwa. Magidanci ya ƙi fara gini a filinsa saboda wai saura shekara biyu. Wata ta ƙi komawa karatu, wani ya ƙi karɓar aiki mai kwantiragi, an bar yaro ya gama sakandare yana zaune wai a can zai yi jami'a. Jiran gawon shanu ke nan da takarda a hannu.

Mafi muni shi ne abin da hasashen nan yake yi wa aure. Rukunin 'ya'yan da ba su yi aure ba, F1, ya fi F3 sauri. A 2025 shi yana kan 2015 zuwa 2016, tazarar kusan shekara tara. Wanda ke F1 in ya yi aure, takardarsa ba ta mutuwa, F3 take komawa da ranarta ta asali, sai dai jiran ya ƙaru. Sai mai jadawali ya zo ya ce wa yarinya 'yar shekara 24 ta daure, saura shekara uku. Ta kori manemi. Shekara uku ta zama biyar, biyar ta zama bakwai. Mu da muka san yadda al'ummarmu take kallon mace da ta haura talatin a gidan iyaye, mun san kuɗin da ta biya, kuma ba wanda ya biya tare da ita. In mace ta zauna ta auna da kanta, da sanin cewa ba wanda ya san ranar, ta zaɓi ta jira, wannan hakkinta ne. Abin da nake faɗa da shi shi ne a ɗora ta a kan rana ta ƙarya. Akwai wuri guda da jinkirta aure yake da dalili na gaske, kuma shi ne wanda masu bidiyo ba su cika faɗa ba: in uban ko uwar girin kad kawai suke da shi, ba su zama 'yan ƙasa ba tukuna, to ɗansu yana ɗaura aure takardar ta mutu murus, domin babu rukunin ɗa mai aure ga mai girin kad. In iyayen suka fara zama 'yan ƙasa sannan aka ɗaura, ranar tana nan. Bambancin sati guda a nan yana iya cinye jiran shekara takwas.

Daga hasashe kuma sai a gangara zuwa dabara. Ejan ya ce ai a masallaci aka ɗaura, ba ku je rajista ba, a wurin Bature ba aure ba ne, rubuta ba ka da aure. Ƙarya yake yi. Ƙa'idar Amurka ita ce auren da ya halatta a inda aka ɗaura shi ya halatta a wurinta, kuma auren Musulunci da na gargajiya aure ne a dokar Najeriya. Wanda ya ɓoye aure ya karɓi biza a F1, biza ya karɓa da bai cancanta ba. Hukuncin yin ƙarya don samun biza hani ne na har abada, sai dai afuwa ta musamman wadda ba ta samuwa da sauƙi. In ma ya wuce, ranar da ya tashi ɗauko matarsa da 'ya'yansa, ko ranar da ya nemi zama ɗan ƙasa, takardun haihuwar yaran ne za su tona shi. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Wasu kuma sakin takarda ake koya musu: ku rabu a kotu, ku ci gaba da zama tare, in ka shiga ka mayar da ita. Tun 1983 hukumar ɗaukaka ƙarar shige da fice ta Amurka ta yanke cewa sakin da aka yi don biza kawai ba a karɓarsa. Ta ɓangaren addini kuwa ba sai na tsaya ba, kowa ya ji malamai suna cewa saki ba abin wasa ba ne. A rasa biza, a taɓa igiya.

Tun da muna kan aure, bari in faɗi wadda ba a son ji. Mace ɗaya dokar ta sani, ta farko. Amarya ba ta da gurbi a takardar, kuma wanda aka fahimci zai shiga ƙasar ne ya ci gaba da zama da mace fiye da ɗaya, doka ta hana shi shiga. A jiran shekara goma sha wani abu, magidanta nawa ne a cikinmu ba za su yi tunanin ƙari ba? Ban ce kada kowa ya ƙara ba, wannan tsakaninsa da gidansa ne. Amma ya ƙara da sanin abin da hakan zai jawo wa takardarsa. Ban taɓa ganin wannan a jadawalin kowa ba.

Akwai lissafi guda da ya cancanci a zauna da biro a yi, kuma shi ne wanda aka fi watsarwa: shekarun yara. Yaro yana bin iyayensa ne muddin bai kai 21 ba kuma bai yi aure ba. Wanda yake da shekara takwas ranar da aka shigar da takarda, in aka yi shekara 14, ya kai 22. Dokar kare shekarun yara ta 2002 ta ba da sassauci: a ɗauki shekarun yaron a ranar da biza ta samu, a ɗebe tsawon lokacin da takardar ta yi a USCIS kafin a amince da ita. In ta yi shekara biyar a can, ɗan 22 ya koma 17 a idon doka, ya tsira, da sharaɗin ya nemi bizar cikin shekara guda. In wata shida kawai ta yi, ya zama 21 da rabi, ya faɗo. Kun ga abin mamaki? Kullum a zauren nan ana kukan USCIS ta riƙe takarda shekara huɗu ba ta amince ba, ana neman wanda zai hanzarta. Alhali amincewa da wuri ba ta matsar da kai ko taku ɗaya a layi, ranarka ita ce ranarka. Jinkirin nan shi ne ma yake saya wa 'ya'yanka shekaru. Kuma yaron da ya faɗo ba ya tafiya da ranar iyayensa. Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar da haka a 2014, a shari'ar Cuellar de Osorio. Sai iyayen sun shiga, su shigar masa da sabuwar takarda, ya kama sabon layi daga wutsiya.

Sai dai jinkirin yana da nasa haɗarin, kuma a nan ne maganar take da nauyi a baki. Wanda yake da ɗa mai aure da jikoki ba yaro ba ne. Uba ɗan shekara 62 da ya shigar da takarda, za a kira ɗansa yana kusan 76 ko fiye, in Allah Ya kai shi. In mai shigar da takarda ya rasu, takardar ta faɗi. Ga wanda yake wajen Amurka, hanyar da ta rage ita ce roƙon a farfaɗo da ita don jinƙai, wanda sai an riga an amince da takardar kafin rasuwar, sai an samu wani ɗan uwa da zai tsaya a madadin mamacin wajen ɗaukar nauyi, kuma hukuma tana da ikon ta ce a'a. Shi ya sa in uwa da uba duk 'yan ƙasa ne, hankali ya ce kowannensu ya shigar da tasa takardar daban. Kuɗin fom ɗin tun Afrilu 2024 dala 675 ne a takarda, 625 ta intanet. Da yawa ne, amma ba a kwatanta shi da jiran shekara goma da zai bi mutum kabari. Haka nan dattijon da ya gaji da sanyi ya tattara ya dawo gida ya zauna, ya sani cewa ranar da layi ya iso dole ya cike takardar ɗaukar nauyi, kuma ana buƙatar ya nuna mazauninsa a Amurka yake, ko zai koma can. Waɗannan su ne zantukan da ya kamata a yi da Baba da Hajiya tun suna da ƙarfi, ko da kunya ta hana a ambaci mutuwa kai tsaye. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wata ƙaramar magana mai kashe babbar takarda: adireshi. In NVC ta sanar da kai biza ta samu, ka yi shekara guda ba ka amsa ba, doka ta ba su damar soke rajistarka. Imel ɗin da aka rubuta a 2012, na wa ne? Na wani yaro a shagon intanet da ya cike muku fom? Na ejan ɗin da ya bar sana'ar? Mutum yana nan yana kallon bidiyon hasashe duk wata, wasiƙarsa ta gaske tana can a akwatin da ba wanda ya tuna lambar sirrinsa.

Na san akwai masu yi da zuciya ɗaya, su ma suna cikin layin, lissafin yana rage musu zafin jira ne. Ban haɗa su da masu karɓar kuɗi ba. Amma kyakkyawar niyya ba ta gyara lissafi, kuma wanda ya sayar da gonarsa saboda jadawalinka bai damu da niyyarka ba. In wani ya tambaye ka yaushe, abin da za ka iya faɗa da gaskiya gajere ne: waɗanda aka kira a 2025 sun jira kusan shekara 14, shekara goma kafin nan 11 ce, kuma ba wata doka da ta hana ta ƙaru. Duk wanda ya wuce nan ya ambaci wata da shekara, daga aljihunsa ya ciro.

Ina da roƙo guda ga shugabannin wannan zaure, Allah Ya ƙara muku haƙuri da mu. Ban ce a hana kowa hasashe ba. A sa sharaɗi kawai: duk wanda zai ɗora jadawalin hasashen F3, ya haɗa da wanda ya yi bara a daidai wannan watan, da sanarwar da ta fito bayansa, gefe da gefe, mu gani da idonmu. Wanda ya ce bai ajiye na bara ba, akwai masu ajiya a cikinmu, za mu taya shi nema.